Yadin da Baba Ya Shafa

A shagonmu ba a ƙyasta ashana bayan Baba ya taɓa yadi. Babu wanda ya taɓa furta wannan doka, amma daga ni har Dogo, kafintan da ke haɗa mana katakon kujeru, kowa ya san da ita. Masu ɗinkin kujeru suna da hanyar gane yadi: a zaro zare ɗaya a kanga masa wuta. In auduga ce, sai ya ci ya zama toka mai laushi, yana warin ƙonanniyar takarda. In na roba ne, sai ya nannaɗe ya narke, ya dunƙule ya yi tauri, warinsa ya hau maka kai. Duk shagunan layinmu haka suke yi, ban da namu, don mu muna da Baba.

Shafau ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har ya kusa cinye na ainihi. Zai kama gefen yadi tsakanin babban yatsa da biyun da ke biye, ya lumshe ido, ya murza sau uku. Sai ka ji ya ce, "Auduga." Ko ya ce, "Roba ce ta yi kwalliya." Ko kuma, "Gauraye ne, amma robar ta fi yawa." Shekara arba'in da shida yana wannan, tun yana ɗinka kujerun manyan motoci a bakin tasha, ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Masu sayar da yadi, manya da su, in takardar bandir ta ɓace ko suna zargin an yi musu coge, Baba suke aiko wa mota.

Bai yi karatu mai nisa ba, bai gina babban gida ba, tufafinsa na fita ba su wuce uku ba. Shagon ma ɗaki ne guda mai tsawo, soso jibge har rufi, warin gam da garin katako, da fanka ɗaya da ƙurar yadi ta yi wa gemu. Yatsun nan uku su ne duk abin da yake taƙama da shi a duniya. In ka gaisa da shi, kafin ya saki hannunka ya san da abin da aka saƙa rigarka, kuma zai faɗa maka ko ba ka tambaya ba. Ko layin asibiti muka je, sai ka gan shi yana shafa kujerar jira yana tsaki. Marigayiya mahaifiyarmu kan tsokane shi ta ce, da ya shafa kawunanmu rabin yadda yake shafa yadin mutane, da duk mun zama likitoci.

Ni ce 'yarsa ta biyu. Ranar da tsohon mijina ya fara zuwa gaishe shi, Baba ya riƙe masa hannun riga ya ɗan jima, da ya tafi ya ce mini sheƙin ya yi yawa. Ban saurara ba. Da auren ya mutu, shekara goma sha ɗaya ke nan, na dawo gida na yi wata biyu ina kallon bango, sai wata safiya Baba ya ce in tashi in bi shi, keken ɗinkin shago ba shi da mai takawa. Tun daga ranar nake ɗinka rigunan kujeru. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, amma wannan bai hana mu faɗa kullum ba. Zuciyarsa na ɗauko kaf, ban rage wa 'yan'uwana ko kaɗan ba. In ya ce fari, sai na duba da kyau ko akwai baƙi a ciki. Dogo kan ce shi aiki biyu yake yi a shagon nan, haɗa katako da rabon faɗa. Abu ɗaya ne ban taɓa yi wa Baba musu a kai ba, shi ne hannunsa.

Bara likita ya ce yana da ciwon suga. Bayan nan na fara ganin abubuwa. Mutumin da ke ɗebo ƙananan ƙusoshi daga gwangwani yana hira, ko kallonsu ba ya yi, sai ga shi yana leƙa gwangwanin kafin ya sa hannu. Kofin shayin da ni ba na iya riƙewa don zafi, shi zai rungume shi da yatsu ko a jikinsa. Wata rana na ga ɗigon jini a kan sabon soso, na bi sawu, ashe daga yatsansa yake zuba, shi kuwa yana ta yankan abinsa bai sani ba. Na ce, "Baba, ka yanke." Ya duba, ya yi tsaki, ya ce wuƙar ce ta cika kaifi. Na gani sarai, na kawar da kai. Tsoro nake ji, gaskiyar magana ke nan. Na san ranar da aka ce hannun Shafau ya daina ji, ranar Baba ya ƙare, ko da kuwa yana yawo da ƙafafunsa.

Ana cikin haka Malama ta zo. Malamar makaranta ce, doguwa, mai magana a hankali, idanunta sun faɗa irin na wanda ya jima yana jinya. Maigidanta ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara biyu ke nan. Ta ce ya ƙi ɗakin kwana ƙememe, a falo yake so ya wuni, a kan doguwar kujera, inda zai riƙa ganin ƙofa da duk mai shigowa. To kujerar tasu da leda mai sheƙi aka lulluɓe ta. Zufa ta riƙa taruwa a ƙarƙashinsa, fatar bayansa ta saluɓe, har gyambo ya buɗe wuri biyu. Likita ya ce in ana so ya warke, a nemo abin da ke shan zufa yana barin iska ta ratsa. Sabuwar kujera take so, mai tsawon mutum, da yadin da ba zai dafa shi ba.

Ni na riga Baba magana. Na jawo littafin samfur na yadin roba na baza mata. Na ce ta duba, na yanzu ba irin ledar da ba ne, da laushinsu. Ba sa koɗewa, ba sa yamutsewa, in magani ko miya ta zube tsumma kawai za ta sa ta goge. Na ce, "Malama, ke kaɗai ce, ga makaranta ga jinya. Auduga bautar wanki za ta sa ki."

Baba ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce, "Uwata tana duba mai wanki, ni ina duba mai kwanciya." Ya juya wajen Malama. Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce auduga tana kama tabo, tana tsukewa in ta sha ruwa, rana tana cin launinta, kuma ba za ta yi rabin ƙarkon roba ba. "Amma mutumin da ba ya iya juya kansa, in kika ɗora shi a kan roba, komai laushinta, a kan tukunya kika ɗora shi. Auduga zalla za a sa. Zan yi miki riguna biyu masu zif, ki cire ɗaya ki wanke, ɗaya na kai."

Malama ta dube ni, ta dube shi. Ta ce, "Baba, ni ban san yadi ba. Saboda hannunka aka turo ni nan. Abin da ya zaɓa, shi nake so."

Haushi ya kama ni, don a gaban baƙuwa aka kayar da ni. Na rufe littafin da ƙarfi, na ce in ta dawo da tabo kada wanda ya kira sunana. Baba ya yi mini wani kallo, na koma kan kekena ina ƙunƙuni. Wannan 'yar maganar ita ta ɗaure mini baki daga baya.

Washegari muka je wajen mai yadi. Launin da Malama ta zaɓa, kore mai duhu-duhu, bandir biyu ne a shagon, a jere. Mai yadin bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce rufin sitonsa ya yi yoyo, takardun sun jiƙe sun ɓalle. Ɗaya auduga ce zalla, ɗayan sabuwar robar nan ce da ake saƙawa ta kwaikwayi auduga, shi kansa ya kasa rabewa. Har ya laluba aljihu ya ciro ashana, sai ya yi dariya ya mayar. "Ina ni ina ashana ga Shafau a tsaye?" Ya ƙwala wa maƙwabtansa kira su zo su ga aiki. Nan da nan mutum biyar ko shida suka kewaye mu.

Baba ya kama na farko, ya lumshe ido. Sau uku ya saba murzawa. Ina tsaye a bayansa ina ƙirgawa, sai da ya yi bakwai. Ya koma na biyu, ya daɗe, ya sake dawowa na farko. Na ga zufa ta tsattsafo masa a gefen wuya. Ashanar tana nan a aljihun mai yadi, taku ɗaya tsakanina da ita. Da na ce, "A ƙyasta mana, don Allah," da magana ta ƙare a nan. Amma a gaban mutum shida? Da in faɗi haka gara in ɗaga hannu in mari Baba.

Ya buɗe ido, ya daki na biyun da tafin hannu. "Wannan."

Aka yi ta jinjina masa. Ni ma na shafa yadin a mota, na ji shi kamar auduga, amma ni me na sani? Duk shekarun nan ina jingine da hannun wani, ban koya wa nawa komai ba sai bin layin alli.

Ƙa'ida ce a wanke auduga kafin a yanka, don ta gama tsukewarta tun ba a ɗinka ba. Na auna, na jiƙa, na shanya a bayan shago. Kafin rana ta kai tsaka ya bushe ƙayau. Na sake aunawa, ko faɗin yatsa bai ragu ba. Na shiga na same shi yana zana soso, na ce, "Baba, yadin nan fa bai tsuke ba."

Bai ɗago ba. "An wanke shi tun daga masaƙa."

"Kuma ya bushe da wuri."

"Rana ce ta yi zafi. Uwata, har yanzu haushin robarki kike ji?"

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya. Na ɗauki almakashi.

Kwana ashirin muka yi a kan kujerar nan, kuma wallahi ba mu taɓa fitar da mai kyanta ba. Dogo ya yi ƙasa da hannuwanta don a ji daɗin ɗaga marar lafiya. Baba ya haɗa soso iri biyu, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama. Duk wani ɗinki na tura shi gefe, don kada ya gurji bayan mutum. A tsakanin nan Malama ta kira sau biyu. Ta ce sun ba da tsohuwar kujerar, sun mayar da maigidan ɗaki, shi kuma ya juya fuskarsa bango, abinci ma sai da lallashi. Ta ce, "Don Allah kada Asabar ta wuce." Baba ya ce ƙarfe goma na safe ta zo da mota.

Ranar Asabar, tara da 'yan mintoci, Baba ya fita sayen maganinsa a kemis ɗin bakin titi. Ni kuma ina goge riga ta biyu, wadda za a naɗe a ba ta a hannu. Duk kwanakin nan ta kan jiƙaƙƙen ƙyalle nake guga, da wuta kaɗan, haka na saba da kayan mutane. Ran nan sauri ya sa na murɗa dutsen guga zuwa zafin da ake yi wa auduga, na ɗora shi kai tsaye a kan haɓar ciki, wadda ake cusawa ƙarƙashin soso. Sai na ji ƙauri. Na ɗaga dutsen, ya ƙi ɗagowa, sai da na fizge. Wurin ya yi sheƙi, ya ƙanƙance, gefensa ya yi tauri kamar an ɗiga kyandir. Auduga in ta sha wuta ja take yi, ba ta narkewa. Ko ɗan koyo ya san wannan.

Dogo ya ajiye guduma, ya shaƙi iska, ya tako ya leƙa.

Na zaro zare, na ɗauki ashanar da muke kunna risho da ita, na fita bayan shago. Sai a tsinke na uku ta kama. Zaren ya gudu daga wutar, ya nannaɗe, ya ɗigo mini a yatsa, ya dunƙule baƙi ƙirin. Roba ce, ba ma gauraye ba, roba zalla. Abin kunyar da zan faɗa shi ne, kafin tsoro ya iso, sai da wani ɗan daɗi ya gifta mini a zuciya, na cewa ai na faɗa. Har yau ina jin haushin kaina saboda wannan.

Dogo ya biyo ni, ya rage murya. "Tela, saurara." Haka yake kirana. "Haɓar ciki ce, babu mai gani. Ki yanke ki sa wani ƙyalle, minti biyar ne. Yadin nan da laushinsa, ba leda ba ne. Ki ce mata ta riƙa shimfiɗa zanen gado a kai, shi ke nan."

"Mutumin fa? Gyambo biyu ne a bayansa."

"Wataƙila ba abin da zai same shi."

"Wataƙila dai."

"To tsohon nan fa? Shi babu wataƙila a nasa. Kin san layin nan, kafin azahar labari ya kai kasuwar yadi. Shekara ashirin ina tare da shi, na san abin da ke tsayar da shi a kan ƙafafunsa. Ke za ki zare?"

Na duba agogon waya, goma saura ashirin.

Muna komawa ciki sai ga Baba ya shigo, cikin farar rigarsa ta ranar ba da kaya. Bai lura da fuskokinmu ba. Ya kewaya kujerar a hankali, ya durƙusa ya duba ƙafafunta, ya miƙe ya shafa bayanta tun daga wannan hannu har wancan. Ya ce, "Kin gani ko, Uwata? Auduga ko a ido daban take."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na matsa kusa da shi, na ce, "Baba, riƙe wannan." Na sa masa ɗan dunƙulen zaren nan tsakanin yatsunsa uku. Idonsa na kan kujera. Abin ya zame ya faɗi, na ji 'yar ƙararsa a kan siminti, Dogo ma ya ji. Baba kuwa ya ci gaba da murza yatsunsa, babu komai a tsakaninsu.

"Mene ne?" ya ce.

Ya sunkuyar da kai ya dubi hannunsa, ya dubi ƙasa. Na ɗauko rigar da na ƙona na miƙa masa. Ya kai ta kusa da ido, ya kai ta hanci. Na ga fuskarsa ta sauya.

"Wuta kika sa wa yadina?"

"Dutsen guga ne ya fara. Ni na ƙarasa da ashana."

"A shagona? Bayan na taɓa?" Muryarsa ta cika ɗakin. "Da ma kin jima kina nema! Tun ranar da matar nan ta zo kike jiran ki ga na faɗi!"

Nan zuciyar gado ta taso mini. Na ce, "Eh, na ƙyasta! Da na ƙyasta tun a wajen mai yadi da ba mu kai nan ba. Baba, yaushe rabonka da jin yatsun nan?"

Ban taɓa ganin magana ta daki mutum kamar yadda tambayar nan ta dake shi ba. Ya cusa hannun cikin aljihu. Muna tsaye a haka muka ji hon a ƙofa, na yi maza na karɓe rigar.

Malama ta shigo da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba, direban motar kaya na biye da ita. Ta ga kujerar ta dafe ƙirji. Ta zauna, ta tashi, ta shafa, tana ta sa albarka. Ta ce yau maigidan ya cinye abincin safe tas, tunda aka ce masa kujera na hanya. Masu shagunan kusa suka fara leƙowa, don in Shafau zai fitar da aiki sai an zo kallo.

Direba ya kama gefe ɗaya. Dogo ya dube ni, ya dubi Baba, sannan ya kama ɗayan. Ni kuwa na ƙame a jikin keke, rigar da ta ƙone dunƙule a bayana. Na ce wa kaina maganar Baba ce, shi ya kamata ya faɗa. Ƙarya nake yi, tsoro ne kawai. Suka ɗaga. Suka karkata ta don ta wuce ƙofa. Ƙafafun gaba suka fita, aka sauka matakala, direba ya ɗora gefensa a bayan mota. Baba na tsaye, hannu a aljihu, yana kallon ƙasa.

Dogo ya sa kafaɗa zai tura, sai Baba ya ce, "A sauke."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba, direban ma bai ji ba sai da ya maimaita. Aka sauke ta a bakin titi. Malama ta ce, "Lafiya, Baba?"

Ya fito. Ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba. "Ashana." Na ba shi. Ya sunkuya zai zaro zare daga ƙarƙashin kujerar, ya kama ya kuɓuce, ya sake kamawa ya kuɓuce. Ya ce, "Uwata, zaro mini." Na zaro na riƙe masa. Tsinken farko ya faɗi daga hannunsa. Na biyu ya karye. Layi ya yi tsit, har mai walda na tsallaken titi ya kashe injinsa. A na uku wuta ta kama, ya kanga, zaren ya narke a gaban kowa. Duk wanda ke wurin ɗan sana'a ne, babu mai buƙatar bayani sai Malama.

Ya ce, "Malama, wannan ba auduga ba ce, roba ce. Mai yadi bai cuce ki ba, ya faɗa mini bai sani ba. 'Yata ta yi mini magana tun ranar wanki, na gwale ta. Ni na shafa na ce auduga ce, alhali ban ji komai ba. Yatsun nan uku tun bara suka mutu. Canka kawai na yi, don kada a ce Shafau ya nemi ashana."

Malama ta zauna a hannun kujerar. Ta daɗe tana kallon yadin. Da ta yi magana, ba ta tausaya masa ba, ban kuma ga laifinta ba.

"Yanzu me zan je in ce masa? Da sassafe ya sa na yi masa aski, na sa masa riga mai kyau, wai yau zai fito falo. Yana can yana kallon ƙofa." Ta share ido da bayan hannu. "Da ka bar ni na tafi da ita, da ban ma sani ba."

"Da bayansa ya sani," in ji Baba.

Can ta ce, "Kwana nawa?"

"Huɗu."

Ta tashi ta shiga gaban mota, ko sallama babu. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi dariyar da ya fi mini sauƙi, da na samu wanda zan zaga. Muka mayar da kujerar ciki. Baba ya tuɓe farar rigar ya rataye, ya ɗauki abin cire ƙusa, ya fara ɓalle aikin kwana ashirin. Na zo zan taya shi, ya ce in bari. Har yamma bai ce mini uffan ba, ni ma ban san ko ni zan ba shi haƙuri ba ko shi zai ba ni.

Dogo ya yi gaskiya, kafin azahar labari ya kai kasuwa, kuma tun daga makon nan mota ba ta sake zuwa ɗaukar Baba ba. Washegari da safe mai yadi da kansa ya kawo ɗaya bandir ɗin a kafaɗa. Mutumin da ba ya shigowa sai da tsokana, ran nan ya gaida Baba a ladabce kamar ya zo duba marar lafiya, bai kira shi Shafau ba ko sau ɗaya. Ya ajiye ya tafi.

Muka shimfiɗa yadin a kan tebur. Dogo ya ƙirƙiri wani aiki a waje. Na zaro zare, Baba ya ce in ƙyasta da kaina. Ya ci, ya zama toka, na murza ta baje a yatsana. Auduga ce.

Na juya zan ɗauko tef ɗin awo. Da na waiwayo, na ga ya kama gefen yadin da yatsun nan uku, ido a lumshe. Na tsaya ban motsa ba. Ya murza, ya murza, sannan ya saki.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Zo ki taɓa."

Na taɓa.

"Yaya yake?"

Na rufe ido, na ce, "Da sanyi. Yana ɗan kama fata, ba ya zamewa. In na matse sai ya tsaya a yadda na bar shi."

Ya gyaɗa kai a hankali, yana saurare kamar ana ba shi labarin abokin da ya yi nisa.

"Haka yake," ya ce. "Haka na san shi. Je ki jiƙa."